Dangwalen Malam Yari

Shafi na 23

Malam Yari ne ya sa jikarsa Khaula a ajin Faransanci, da yatsansa, yana sane.

A gida cewa ya yi kuskure ne. Da yarinyar ta shiga ƙaramar sakandare, makaranta ta aiko da takarda mai gida biyu, ɗaya na Larabci, ɗaya na Faransanci, aka ce a zaɓa mata ɗaya. Ya ce idonsa ne ya gaza, ya dangwala inda bai yi niyya ba. Aka yarda. Wa zai ce baduku mai shekara saba'in da uku, wanda ba a taɓa riga shi sahun farko ba, zai ƙi Larabci da gangan?

Kwana goma sha biyu ƙaryar ta yi a tsaye.

Ranar Talata bayan la'asar yana zaurensa a Ƙofar Dundaye yana ɗinkin tumtum, 'yarsa Saudatu ta yi sallama. Ita ke riƙon Khaula tun da uwar yarinyar ta sake aure. Ko fararen kayan asibiti ba ta tuɓe ba, suna nan ƙarƙashin hijabi. Ta durƙusa ta gaishe shi, amma ba ta wuce cikin gida ba kamar yadda ta saba.

"Baba, daga makarantar su Khaula nike."

"To."

"Na tafi gyara kuskuren da idonka ya yi."

"Madalla."

"Mataimakin shugaba ya ce in gaishe ka. Ya ce bai taɓa ganin tsohon da ya san abin da yake so kamarka ba."

Basilla ta tsaya a cikin fata.

"Ya ce da ƙafarka ka zo. Sau biyu ka tambaye shi wane gida ne na Faransanci. Ka ce ya ɗora maka yatsa a kai don kada ka kuskure. Ka kuma ce ko wa ya zo canjawa, kada a taɓa sai da dangwalenka."

"Mutumin nan shina da surutu."

"Ƙarya ya yi?"

Yari ya ja zare.

Saudatu ta zaro takarda daga jaka, ta shimfiɗa ta a kan fatar da ke gabansa.

"Ga sabuwa ya ba ni. Gobe Laraba ake rufewa. In an rufe, shekara uku ke nan ba canji."

"Ɗauke mani takarda daga kan aiki."

"Baba, izu goma sha takwas ke kan yarinyar nan. Tun kafin a buɗe makaranta ta rubuta sunanta da Larabci a bangon sabon littafi. Kwana uku ta yi tana kuka. Kana jin ta, ɗakinka da namu bango ɗaya ne."

Ya ji ta. Duk kwana ukun ya ji. Ran na biyu har ya tashi ya kama ƙofa, sai ya koma ya zauna.

"Yaro ba ya mutuwa da kuka," ya ce.

"Ƙawayenta duka suna Larabci. Su tara ne a wancan ajin, ita kaɗai ce mace."

"Nijar na nan bayan Illela. Sanin harshen maƙwabci ba zunubi ba ne."

"Mutanen Ƙonni da ke zuwa sayen tumtum a wurinka, da wane harshe kuke ciniki?"

Yari ya gyara zaman fatar a gabansa.

"Da Hausa, Baba. Har sun fi mu iya ta."

"Saude."

"Na'am."

"Tun yaushe kika fara yi mani tambayar alƙali a zaurena?"

Ta sunkuyar da kai. Da can iyakar maganar ke nan. Idan ya kira sunan ɗa da wannan murya, ɗan kan tashi ya ba shi wuri. Yau ba ta tashi ba.

"Allah ya huci zuciyarka. Abu ɗaya zan tambaya in yi shiru."

Bai ce ta tambaya ba, bai ce kada ta tambaya ba.

"Tun da ta shiga ajin nan, ba ka ƙara karɓar haddarta ba. Kullum ta dawo, abu ɗaya kake tambayarta. Ko sun kai ga karatun wasiƙa? Ta ce maka gaisuwa suke. Kashegari ka sake, ta ce ranakun mako suke. Jiya har ka yi mata tsaki, ka ce malamar tasu ba ta sauri."

Ta ɗago.

"Wace wasiƙa, Baba?"

Wani mai babur ya wuce ta ƙofar zaure. Yari ya bi shi da ido har ya ɓace, kamar yana da magana da shi. Shekara huɗu yana shirya amsar wannan tambaya, da ta zo sai ya tarar bai shirya komai ba.

Ya ajiye basilla. Ya naɗe hannun rigarsa na hagu har kafaɗa.

Layar na nan a damtsensa inda take kullum. Jar fatar akuya, ɗinki ƙanana a jere, aikin hannunsa. Gumi ya mai da ita baƙa-baƙa. Duk gidan sun san ta. An ɗauka ta ciwon gaɓɓai ce.

"Wagga ba laya ba ce."

Saudatu ta dubi layar, ta dube shi.

"Takarda ce. Wani direba ya kawo mani ita nan, inda kike zaune. Ya ce a tashar Ƙonni anka ba shi, anka ce Yari baduku, Ƙofar Dundaye. Bai san mai bayarwa ba."

"Yaushe?"

"Damina huɗu ke nan."

"Me ke ciki?"

"Ban sani ba."

"Ba ka..."

"Na ce ban sani ba. Rubutun inji ne, da hatimi a ƙasa. Abu ɗaya na iya haɗawa a ciki. Sunan yaron nan."

Bai faɗi sunan ba. Bai taɓa faɗinsa ba tun ranar suna, don Gazali ɗan fari ne, kuma mutumin kirki ba ya kiran sunan ɗan fari. Wannan kunyar ce ta rufa masa asiri. Da Gazali ya bar dukanci ya bi motar albasa, da suka yi abin da suka yi a wannan zauren har Yari ya ce masa a gaban mutane in ya fita kada ya dawo ko da gawarsa ce a kwance, ba wanda ya ga wani canji a bakin tsoho. Da ma ba ya kiran sunan. Shekara bakwai yanzu. Khaula na da huɗu lokacin da ubanta ya fita.

Saudatu ta zame daga durƙuso ta zauna a ƙasa.

"Yaya Gazali," ta ce. Ita tana iya faɗi.

"Na kai ta unguwar Gidan Dare, inda ba a san ni ba. Wani mai shagon magani. Na ninke ta, na nuna masa kanta kawai. Ya ce wannan ba Turanci ba ne, Faransanci ne, kuma hatimin kamar na hukuma. Ya ce in dakata shi kira wani ɗan Maraɗi da ke bayan layi. Na karɓe abata na fito."

"Don me?"

"Ɗan Maraɗi ya karanta, ya gaya wa mai magani. Mai magani ya gaya wa matarsa. Kafin Juma'a duk Sakkwato ta ji Yari na yawo da takarda yana cigiyar ɗan da ya kora da bakinsa."

"Shi ke nan dalilin?"

Da farko shi ke nan. Ya dawo gida ran nan ya yanki fata, ya ninke takardar takwas, ya ɗinke, da niyyar kwana biyu kawai, kafin ya sami wanda zai amince wa. Kwana biyu suka zama wata. Daga baya ya gane ba bakin mutane yake tsoro ba. Amma wannan bai faɗa mata ba.

"Damina huɗu," Saudatu ta ce a hankali. Yana ganin tana lissafi, ya kuma san inda lissafin zai kai ta. Ya so ya tashi ya ce lokacin alwala ya yi. Rana ba ta ko kusa faɗuwa ba.

"Inna ta rasu shekara biyu ke nan."

"Allah ya jiƙanta."

"Ni na yi jinyarta. Kai ke ɗaga ta in zan canja mata shimfiɗa. Da wannan hannun kake ɗaga ta."

"Saude."

"Kanta na kan damtsen nan, tana ce maka, Malam, ko labari babu? Kai kana ce mata babu."

"Ban san abin da ke ciki ba. Mi zan ce mata?"

"Ka ce akwai takarda."

"In ta ce a karanta, a tarar mutuwa ce? In ƙarasa ta da hannuna?"

"In a tarar yana da rai fa? Ta tafi da shi a bakinta, Baba. Ranar ƙarshe ba ni ta kira ba, ba kai ta kira ba."

Ya sani. Yana wurin. Matarsa Hindu ta yi shekara arba'in da shida a gidansa ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, sai ran nan. Sau uku ta kira. Matan da ke ɗakin suka dubi ƙasa.

Ya sauke hannun riga ya rufe layar. Ya ɗauki basilla. Ya soka ta inda ba wurin ɗinki ba, ya ɓata fata. Shekara hamsin bai yi haka ba.

Saudatu ta share fuska da gefen hijabi. Ta ciro waya.

"Farke ta."

"Mi?"

"Wayar nan tana karanta Faransanci. In ɗauki hoton takardar, ta mayar mana da ita Turanci, ni in gaya maka da Hausa. Ba ɗan Maraɗi, ba mai magani. Daga ni sai kai. Kafin ka gama salati goma mun sani."

Ya dubi wayar. Gilashinta ya tsage a gefe. Bai taɓa sanin tana iya haka ba. Ko kuwa ya taɓa ji a masallaci ya kau da kunne, shi kansa bai tabbata ba.

"Ƙarfe ba shi gaya mani ɗana ya mutu."

"Wa ya ce ya mutu? Hatimin hukuma ba na gawa kaɗai ba ne. Asibiti na da hatimi. Kurkuku na da hatimi. In yana tsare a wani gari, an rubuto a ce wani nasa ya zo ya tsaya masa? Shekara huɗu yana duban ƙofa?"

Wannan ma ya taɓa zuwa masa. Yakan zo masa a sujada. Sai ya tsawaita sujadar har ya wuce, mutane na cewa Malam Yari ya ƙara tsoron Allah da tsufa.

"Na yi dabara," ya ce. Muryar ta fito ƙarama, ba irin tasa ba. "Na ce yarinya ta koya. Jinina ce, a cikin gidana. In ta iya, in kira ta nan, in ja ƙofa, ta karanta mani. Ba wanda zai ji."

"Shekara nawa kafin ta iya?"

"Mataimakin shugaban ya ce biyu. Ko uku."

"Ka zaɓi hanyar da ta fi kowace tsawo."

Yari ya dubi fatar da ya huda.

"To, mu ce ta iya. Mu ce shekara uku sun cika, ka kira ta, ka ja ƙofa, ka farke. Ta riƙe takarda tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, tana murna kakanta ya ba ta aiki." Saudatu ta matso. "Baba, ɗan wa ke cikin takardar, na sani. Uban wa ne?"

Yari ya kai hannu ya dafa damtsensa.

"Kana so ita ta karanta maka mutuwar ubanta da bakinta? Ta fara ji da Faransanci, ita kaɗai a duk duniya, sannan ta nemo Hausar da za ta gaya maka?"

Wallahi bai taɓa kai tunaninsa nan ba. Duk lokacin da ya hango ranar, kansa yake gani a zaune yana saurare. Ya hango yadda zai riƙe fuska, ya hango abin da zai ce. Yarinyar kuwa murya ce kawai a gefe. Bai taɓa duban fuskarta ba. Yanzu ya duba.

Ya juyo ga Saudatu.

"Ina takardar makarantar?"

Ta tura masa.

"Wane ne na Larabci?"

Ta ɗora yatsa a kai. Ya jawo ɗan kaskon baƙin rinin da yake yi wa fata ado da shi, ya tsoma babban yatsa, ya goge rabi a gefen kasko, ya dangwala. Ya danna da ƙarfi har takarda ta lotsa.

"Kai masu da safe."

"Zan kai." Ta ɗaga takardar tana hura mata iska. "Saura ɗaya."

"Bar ta."

"Ba na kwana yau ban san ko yayana na da rai a duniya ba."

"Na ce bar ta yau."

"Ka ba ni aska, ko ka farke da kanka. Ɗinkinka ne."

"Assalamu alaikum, masu gida!"

Khaula ce, daga Islamiyya. Ta shigo da gudu-gudu, shuɗin hijabinta ya karkace, jaka na dukan bayanta. Saudatu ta yi sauri ta kau da fuska, ta tura waya ƙarƙashin cinya.

"Gwaggo, yau a zaure? Ko tsohon nan ya ɗauke ki aiki?" Ta tsuguna gaban kakanta ta leƙa fatar. "Kai, Tsoho, ka huda ta a banza. Ido ya tafi. Gara ka bar mani shagon nan tun da sauran mutunci."

Da wata rana ce da ya ce mata 'yar ƙwailar da ba ta iya zare allura ba ce za ta gaje shi. Yau ya kasa. Goshinta yake kallo. Na ubanta ne sak.

"Khaula, zo ki ga," in ji Saudatu. Ta gyara murya. "Kakanki ya gyara kuskurensa. Gobe za ki koma ajin Larabci, wurin su Sadiya."

Yarinyar ta karɓi takardar. Ta dubi baƙin dangwalen da bai gama bushewa ba. Yari na jiran tsalle da ihu. Yana bukatarsu yau, ko kaɗan ne.

Ba ta yi tsalle ba.

"Yau malama ta zo da taswira," ta ce.

"To?"

"Ta nuna mana ƙasashen da ake yin sa. Ta ɗora sanda a kan Sakkwato, ta ɗan matsa sama kaɗan, ta ce nan Nijar. Ta ce can Hausa ake ji a kasuwa, amma duk takardar hukuma da allon kan hanya da adireshin wasiƙa, da Faransanci ake rubuta su."

Saudatu ta dubi ubanta.

"Sai na tuna." Khaula ta juyo gare shi, idonta na haske. "Kai ka ce mani Abbana na Nijar yana aiki, hanya ce ta yi masa nisa. Ko ba kai ka ce ba?"

Shi ya ce. Tana da shekara shida ta tambaye shi a nan zauren, ya faɗi abin da ya fara zuwa bakinsa.

"Sai na gane ba kuskure ka yi ba. Wayo ka yi. Kana so in iya, in rubuta masa wasiƙa da adireshi daidai ta isa. Shi ya sa kullum kake tambayata wasiƙa, wasiƙa." Ta yi dariya ta dafa gwiwarsa. "Kunyar ɗan fari ce ta hana ka faɗi. Ni kuwa ina ta kuka kamar sakarya. Ka yafe mani, Tsoho."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Hannunta na kan gwiwarsa, kanta kusa da damtsensa na hagu. Ya ja hannun baya a hankali.

"Khaula," in ji Saudatu, "Larabci kike so. Ke kika ce. Ga haddarki, ga ƙawayenki."

"Larabci na nan a Islamiyya, Gwaggo, kullum ina yi. Wancan kuwa in na bari, wa zai koya mani?"

"Akwai abin da ba ki sani ba."

"Mene ne?"

Saudatu ta buɗe baki. Ta dubi Yari. Ya girgiza mata kai sau ɗaya, kaɗan. Shekara saba'in da uku bai roƙi ɗan da ya haifa komai ba sai yau. Ta yi shiru.

Ya tattaro muryar da ake tsoro a gidan, abin da ya rage daga cikinta.

"Ke. Ni na sa ki, ni na cire ki. Gobe ki ɗauki littafinki ki koma Larabci. Magana ta ƙare."

Khaula ta dube shi, ba tsoro, ba fushi. Ta ninke takardar biyu, ta ajiye ta a kan fatar da ya huda, ta miƙe ta gyara jakarta.

"A'a, Tsoho. Ba ni komawa."